Bikin fina-finan masu neman jinsi ɗaya: Inda maganar ta shafi ɗan kasuwa

A ranar 2 ga Maris, 2019, wajen rufe bikin baje kolin fina-finan Afirka na FESPACO karo na 26 a Wagadugu, alƙalan gasar sun ba wata matashiya 'yar Kenya, Samantha Mugatsia, kyautar jarumar da ta fi kowace iya wasa. Fim ɗin da ya ja mata kyautar shi ne Rafiki na Wanuri Kahiu, labarin 'yan mata biyu a Nairobi da suka kamu da son juna, wanda hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta tun a 2018. An tafa mata a babban birnin Burkina Faso, kowa ya kama gabansa. Shekara 6 da rabi bayan haka, ranar 1 ga Satumba, 2025, majalisar riƙon ƙwarya ta wannan ƙasa ta zartar da dokar iyali da ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tara ga wanda aka samu da neman jinsi ɗaya, in kuma baƙo ne a kore shi daga ƙasar. Daga Bawku zuwa Wagadugu, ta Kulungugu da Bitu da Tenkodogo, tafiyar wuni guda ce a mota, kuma hanya ce da masu karatunmu da dama suke bi da albasa da dabbobi da kayan masarufi.

Mun sani sarai cewa da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba sa son ko da ganin wannan magana a jarida. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci sananne ne, malamanmu sun faɗe shi a kan mumbari, ofishin Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya bayyana matsayinsa a fili, shugabannin coci-coci ma haka, kuma wannan jarida ba majalisar fatawa ba ce da za ta ce ta zo da wani sabon hukunci. To amma magana ta riga ta bar hannun malamai kaɗai, ta shiga majalisar dokoki da kotu da ofishin 'yan sanda da wayar da ke aljihun kowannenmu. Da zarar abu ya kai nan, ya zama wajibi ɗan kasuwa ya san kansa da gindinsa.

Da farko dai, mene ne shi wannan biki da ake ta ambato? Taro ne na 'yan kwanaki da ake yi shekara-shekara, a haska fina-finan da suka shafi rayuwar masu neman jinsi ɗaya, bayan kallo a zauna a tattauna da waɗanda suka shirya su. Wanda ya fi daɗewa shi ne na San Francisco a Amurka, da aka fara a 1977, na Landan kuma ya biyo baya a 1986. Masu shirya su ba su taɓa ɓoye manufarsu ba: suna so a gan su, a san da zamansu, domin a ganinsu mutumin da jama'a ba su taɓa ganin fuskarsa ko jin labarinsa daga bakinsa ba, shi ne ya fi sauƙin a ɗaure ko a doke ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Sun zaɓi fim ne saboda ya fi zanga-zanga sauƙi. Mutum na iya shiga ɗakin kallo a cikin duhu, ya zauna a kujerar baya, ya fita ba tare da ya furta wa kowa ko shi wane ne ba.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fara da bikin Out in Africa a 1994, shekarar da aka binne mulkin wariyar launin fata, lokacin da tsarin mulkin wucin gadi ya hana nuna bambanci saboda wannan dalili. A Botswana ƙungiyar LEGABIBO ta fara nata, Batho Ba Lorato, a Gaborone a 2013, tun kafin gwamnati ta yarda ta yi mata rajista. A 2019 Babbar Kotun ƙasar ta soke dokar da ta haramta neman jinsi ɗaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2021. Hatta a Tunisiya, ƙasar Musulmi wadda sashe na 230 na dokar laifuffukanta ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ƙungiyar Mawjoudin ta shirya irin wannan biki a Tunis a Janairun 2018. Waɗannan su ne misalan da masu goyon bayan bukukuwan suke kawowa.

Akwai ɗaya gefen kuma. A Yuganda an fara bikin Kamfala a 2016, a ɓoye, sai an tantance mutum kafin a faɗa masa wurin da za a haska fim. A Disambar 2017 'yan sanda suka gano wurin suka tsayar da taron. A Mayun 2023 Shugaba Museveni ya sa hannu a dokar da ta kai har hukuncin kisa a wasu laifuffukan. Ko a Afirka ta Kudu, inda aka halatta auren jinsi a 2006, doka da biki ba su hana an yi wa Eudy Simelane, 'yar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kisan gilla a unguwar KwaThema a 2008 ba. Abin da muka fahimta daga waɗannan ƙasashe shi ne, fitowa fili wuƙa ce mai kaifi biyu. Inda kotu ke da ƙarfi kuma 'yan sanda ke tsoron doka, ta taimaka wa masu ita. Inda babu wannan, abin da take jawowa ba kan masu shirya taro yake sauka ba, domin su galibi suna da lauya da fasfo da abokai a ofisoshin jakadanci. Kan talakan da ke cikin lungu yake sauka, wanda ko labarin bikin bai taɓa ji ba.

Mun ga haka a nan gida. A ƙarshen Janairun 2021 ƙungiyar LGBT+ Rights Ghana ta buɗe ofishi a Ankara, babban birnin ƙasar nan, jakadun Ostireliya da Denmak da jami'an Tarayyar Turai suka halarta, hotuna suka bazu. Kafin Fabrairu ta ƙare jami'an tsaro sun rufe wurin. A watan Mayu aka kama mutum 21 a garin Ho suna cikin wani taron bita, suka yi kwana 22 a tsare, daga baya a watan Agusta aka janye ƙarar saboda rashin hujja. A wannan shekarar ce 'yan majalisa 8, a ƙarƙashin Sam Nartey George na Ningo-Prampram, cikinsu har da Alhassan Suhuyini na Tamale ta Arewa, suka gabatar da ƙudurin dokar da kowa ya sani. Jakadun da suka halarci buɗe ofishin tuni suka gama wa'adinsu suka koma gida. A namu ra'ayin, ba su yi wa waɗanda suka ce suna karewa adalci ba, domin ba su tsaya sun tambayi mai ɗaki inda yake masa yoyo ba.

Sai dai akwai wata magana da muke yawan ji a rumfunan kasuwa wadda ba za mu bari ta wuce ba, wato wai duk wannan abu Turawa ne suka kawo shi jiya ta hanyar fim. Mu yi wa kanmu adalci. Kalmar ɗan daudu ba daga Turanci aka aro ta ba, kuma Asantawa da Fantawa suna da tasu, kojo besia. Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Kano da Gwanja, ko ya kwana a tashar mota a ƙasar Hausa, ya san su wa ke tuƙa tuwo da soya kaji a wasu wuraren cin abinci, ya ci ya biya ya tafi. Wani masanin harshe Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009, kuma ɗaya daga cikin abin da ya nuna shi ne abin da tsofaffinmu suka riga suka sani: daudu daban, luwaɗi daban, ba kowane mai karairaya ba ne yake aikata abin da ake zarginsa da shi, ba kuma kowane mai aikatawa ba ne yake karairaya. Game da allon kallo kuwa, fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa ya shiga zangunanmu a kaset tun farkon shekarun 2000, muka yi dariya har da hawaye, yaranmu na zaune a gaba. Sai a 2024 hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan daba da daudu. Fim na farko a yankinmu da ya ɗauki maganar da gaske, Dakan, Mohamed Camara na ƙasar Gini ne ya shirya shi a 1997. Abin da ba a musu cewa Turawa ne suka bar mana shi ne dokar kanta: sashe na 104 na dokar laifuffuka ta 1960, mai ɗaurin da zai kai shekara 3, gadon mulkin mallakar Ingila ne, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a Yulin 2024.

Ƙudurin 'yan majalisar ya wuce wannan sashe nesa ba kusa ba. Majalisa ta zartar da shi ranar 28 ga Fabrairu, 2024. Shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba, yana mai cewa sai Kotun Ƙoli ta gama da ƙararrakin da aka shigar. Kotun ta yi watsi da su ranar 18 ga Disamba, wa'adin majalisar ya ƙare a Janairun 2025 ba tare da ƙudurin ya zama doka ba, wasu 'yan majalisa kuma suka sake gabatar da shi a 2025. A sigar da aka zartar a 2024, mutum na iya shan ɗaurin shekara 3 don kawai ya furta cewa shi mai neman jinsi ɗaya ne, ko da ba a kama shi da aikata komai ba, mai kafa ƙungiya ko ba ta kuɗi kuma shekara 5. Daftarin farko na 2021 ya haɗa da mai bugawa ko sayarwa ko rarraba abin da aka ɗauka talla ne ga wannan ɗabi'a, ya haɗa da mai gidan da ya bari aka yi amfani da ɗakinsa, ya kuma ɗora wa kowa nauyin kai rahoto.

A nan ne maganar ta zo ƙofar rumfarmu. A kowace kasuwa daga Salaga zuwa Yandi zuwa Bawku akwai yaro da kwamfuta yana tura wa mutane fina-finai a waya da memori, na Kano da na Indiya da na Turkiyya da na Amurka, ɗaruruwa a faifai guda, kuma ba wanda zai rantse ya kalli ko da rabinsu. Akwai mai gidan kallo da ke sa fim kafin a fara ƙwallo. Dokar fina-finai ta 2016, mai lamba 935, ta riga ta ce duk fim ɗin da za a haska wa jama'a sai Hukumar Fina-finai ta Ƙasa ta tantance shi, kuma kowa ya san nisan da ke tsakanin wannan takarda da abin da ke faruwa a bakin tasha. Idan aka ce “rarrabawa” laifi ne mai ɗaurin shekaru, ba tare da an fayyace sani da niyya ƙarara ba, wa zai fara shiga hannu, mai shirya fim da ke Nairobi ko yaron da ke neman sidi 2 a bakin kasuwa? Haka nan maigida. Fataucinmu tun zamanin goron Salaga a kan masauki aka gina shi: baƙo ya sauka, maigida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa wajen bashi. Maza 5 ko 10 su kwana ɗaki ɗaya a kan tabarma, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Ranar da aka ce maigida zai amsa tambaya a kan abin da ke faruwa bayan ya rufe ƙofa, ranar ce duk wanda ke jin haushinsa a kan ciniki ya sami makami.

Wanda ke ƙetara iyaka kuma nauyinsa biyu ne. Dokar Burkina Faso ta 2025 ta ambaci baƙi. Togo, da 'yan Bawku ke shiga ta Sankasi, 'yan Yandi kuma ta Tatale, ta daɗe da tata dokar mai ɗauri. Mali ta shigar da tata a sabuwar dokar laifuffuka a ƙarshen 2024, Nijeriya kuma ta ƙara tsananta tata a 2014. Hoton bidiyo da wani ya turo maka a zauren WhatsApp don a yi dariya ko a yi Allah wadai, wayarka ta ajiye shi ba da saninka ba, zai iya zama abin da za a tatse ka da shi a shingen da ba ka jin harshen masu tsaronsa. Shawararmu ga fatake ita ce a riƙa duba abin da waya ta tara kafin a kama hanya, kada kuma a tura wa wani abin da ba a so a same shi a hannu.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne zargi. Mutanen Salaga ba sa bukatar a tuna musu da Kafaba, inda a Yulin 2020 aka doke wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, har lahira, da rana tsaka, jama'a na kallo wasu na ɗauka a waya, saboda wata boka ta ce mayya ce. Sai a 2023 Babbar Kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace. Mutanen Yandi sun san Gnani da matan da zargin maita ya raba da gidajensu. Ƙasa baki ɗaya ta san Manjo Maxwell Mahama, wanda aka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017 saboda wani ya ce ɗan fashi ne. Zargin luwaɗi ɗan'uwan waɗannan ne, domin shi ma ba ya bukatar shaida kafin ya yi aiki, kuma wanda aka jefa da shi ba shi da hanyar wanke kansa. A 2015 a Nima, zangonmu na Ankara, wasu samari da suka kira kansu masu tsaron unguwa sun yaudari wani mutum ta Facebook, suka tuɓe shi suka lakaɗa masa duka, suka yaɗa hoton. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na Janairun 2018, wanda ya ji ta bakin mutane a Ankara da Kumasi da Cape Coast da Tamale, cike yake da labaran duka da kora daga gida da karɓar kuɗi da barazanar tona asiri. Wannan na ƙarshen sana'a ce, kuma mai yin ta ba ya tambayar ko gaskiya ne, abin da yake dubawa shi ne wa ke da kuɗi da sunan da yake tsoron ya ɓaci. A garuruwanmu wannan siffar ɗan kasuwa ce, wanda duk jarinsa amana ce. Bawku kuwa, garin da rikicin sarauta ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021 ya jawo dokar hana fita da asarar rayuka da durƙushewar ciniki, ba ta da sauran wurin ajiye wani sabon dalilin da zai sa samari su yi wa mutum taron dangi.

Addinin da muke kafa hujja da shi bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane da giba. Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi kamilalliya da zina bai kawo shaidu 4 ba, ta kuma zubar da shaidarsa, malaman Malikiyya da muke bi kuwa sun shigar da jifa da luwaɗi a babin ƙazafi. Hukunci aikin alƙali ne bayan hujja, ba aikin matasan unguwa ba. Saboda haka muna ganin sassan da ke ɗaure mutum a kan furuci kawai, da masu tilasta wa maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabcinsa, sun yi hannun riga da sutura da aka hore mu da ita, ko da kuwa an kawo su da sunan kare addini. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ra'ayi ba: Kadinal Peter Turkson, ɗan ƙasar nan, ya faɗa wa BBC a Nuwamban 2023 cewa bai kamata a mai da waɗannan mutane masu laifi a gaban doka ba, alhali cocinsa bai sauya koyarwarsa ba. Hasali ma daftarin 2021 da kansa ya tanadi hukunci ga wanda ya zagi ko ya doki wanda ake zargi, sashen da ba mu cika jin masu yabon ƙudurin suna ambatonsa ba.

Ba mu manta da batun kuɗi ba. A Maris ɗin 2024 Ma'aikatar Kuɗi ta yi gargaɗin cewa ƙasar nan na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya cikin shekara 5 zuwa 6 idan ƙudurin ya zama doka, kamar yadda bankin ya dakatar da sabon rance ga Yuganda a 2023 kafin ya dawo a 2025. Duk mai sayen sefa da sidi ya san abin da faɗuwar sidi ta yi masa a 2022. Duk da haka ba ma son a yanke wannan magana da barazanar masu ba da bashi, domin irin wannan matsin ba ya haifar da komai sai taurin kai, kuma binciken Afrobarometer ya nuna ko mutum 1 cikin 10 na 'yan ƙasar nan bai kai ba wanda zai yarda da maƙwabtaka da mai neman jinsi ɗaya. Dalilan da muka kawo a sama namu ne, daga kasuwarmu da littafinmu.

Don haka muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Salaga da Yandi da Bawku, ko da wace siga maganar ta zo gabansu, da su karanta ta sashe-sashe da idon mai masauki da mai tura fina-finai, su kuma zo su yi wa jama'a bayani da Hausa da Dagbani da Gwanja da Kusal, maimakon a bar mutane da abin da suka ji a rediyo. Limamanmu, in sun faɗi hukuncin aikin a huɗuba, su faɗi hukuncin ƙazafi da na ɗaukar doka a hannu a wannan huɗubar, kada a bar shi sai wata Juma'a. Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sanar cewa duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa da barazanar za a laƙa masa wannan suna, yana iya zuwa wurinsu a asirce, su raka shi ofishin 'yan sanda ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ mafi kusa, domin karɓar kuɗi da barazana laifi ne a ƙarƙashin wannan dokar ta 1960 da ake kafa hujja da ita, ko abin da aka faɗa a kan mutumin gaskiya ne ko ƙarya.